Inci Uku Daga Rufin Motar Babana

Ni mai walda ne. Shekara goma sha tara ke nan ina ƙona ƙarfe a Tsohuwar Panteka, nan Kaduna, tun ina yaron shago mai riƙe wa maigida ƙarfe har Allah Ya sa na buɗe tawa rumfar. Ƙofofi, tagogi, tankin ruwa, injin markaɗe, bodin mota, babu wanda hannuna bai taɓa ba. Duk wanda ya san Panteka ya san yadda muke: ka kawo hoton abu, mu dube shi sau biyu, mu ce ka dawo jibi. Da wannan zuciyar na tunkari motar mahaifina, kuma ita ce ta kusa sa ni ɗaukar ran ɗan mutane.

Motar Peugeot 504 ce, a-kori-kura, fara, haɗin Kakuri. 'Yan Kaduna na zamanin Babana suna alfahari da wannan, domin tun 1975 ake harhaɗa Fijo a garinmu, kuma 504 ba ta bar layin haɗi a nan ba sai da aka shiga shekarun 2000, bayan Faransa kanta ta daɗe da daina ƙera ta. Baba ya saye ta hannu na biyu tun kafin a haife ni. Da ita yake ɗauko masara daga Saminaka ya kawo Kawo, da ita ya ciyar da mu tara, da ita aka kai kayan ɗakin ƙannena mata uku. Da ya rasu aka zo rabon gado, sauran suka zaɓi kuɗi, ni na ce a bar mini motar. Ta yi shekara biyu a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Tudun Wada, tayoyi sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

A waya na fara ganin motocin da ake sauke wa rufi. Al'ada ce da ta yi ƙarfi a Kalifoniya ta Amurka tun shekarun 1940 da 1950. Da farko masu tsere ne ke yi don rage wa mota karo da iska, daga baya ya zama ado. Ana yanke ginshiƙan da ke riƙe da rufin, a cire inci biyu ko uku ko fiye, a mayar da rufin a haɗa. Sai ka ga motar ta yi ƙasa ta miƙe, kamar mai shirin zabura. Na kwana da yawa ina kallon hotunan nan. Raina ya ba ni cewa idan na yi wa motar Baba haka, na fentace ta, za ta sake rayuwa, yaran da ke cewa tsohuwar akwala su tsaya su kalle ta.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kama sunana. Ranar da na zo da mai jan mota, ta leƙo daga zaure ta ce, "Kai, ina za a kai ta?" Na ce gyara zan yi mata. Ta ce, "To, Allah Ya taimaka. A dai bi ta a hankali, Malam bai taɓa bari ko yaro ya jingina da ita ba." Ban gaya mata zan sa mata zarto ba.

Aikin ƙarfen bai ba ni wahala ba, kuma har yau ina ganin na yi shi da kyau. Na cire kujera da silin da gilasai duka na jingine su a bango. Na ɗaure cikin ɗakin direban da ƙarafa a gicciye don kada bodin ya murɗe idan rufi ya tashi. Na auna inci uku a kowane ginshiƙi, na zana, na yanke. Da muka sauke rufin sai ya ƙi haɗuwa, domin ginshiƙan gaba a kwance suke, suna kuma shigowa ciki yayin da suke hawa, don haka da zarar ka rage tsawonsu rufin ya zama gajere kuma siriri. Na tsaga shi, na ƙara falle, na yi ta ɗiga walda kaɗan-kaɗan don kada zafi ya lanƙwasa shi. Mako uku na gama. Mutanen layinmu suka taru suna sa albarka. A duk makonnin nan uku, ko sau ɗaya ban waiwayi gilasan da ke jingine a bango ba. A raina abu ne na rana ɗaya: a rage musu inci uku su ma, a mayar.

Na fara da na ƙofar direba. Na shimfiɗa shi a kan tebur, na ari dayamon yankan gilashi wurin mai tagogin almini, na ɗora ma'auni na ja layi. Dayamon ɗin ya yi ta zamewa, da ƙyar ya bar alama. Sai na ɗauko giranda. Faifan bai shiga ko kaurin farce ba na ji tau! Gilashin nan gaba ɗayansa ya zube, ya zama tsakuwoyi ƙanana kamar gishirin kanwa, wasu a teburin, wasu a cikin takalmina. A kusurwarsa akwai wata tsohuwar sitika mai addu'ar tafiya da Baba ya manna da hannunsa. Na same ta a ƙasa, ɓarɓashin gilashi na manne a bayanta. Na ɗauke ta na sa a aljihu.

Da na tsaya nan na nemi masani, da labarin ya gajarta. Washegari na ɗauko na gaba. Shi bai tarwatse ba, amma giranda na taɓa shi a bushe zafi ya kama shi, tsaga ta tashi daga bakin yankan ta ratsa har ƙasa, wata ta bi ta. Cikin kwana biyu na kashe gilasai biyu da suka yi shekaru suna bin hanyar Saminaka ba su fashe ba.

Sai wani abokin aiki ya ce in manta da gilashi, in sa roba. Na sayo irin wadda masu allon talla ke amfani da ita, Perspex, na yanka na ƙofofi na huda na ɗaure da noti. Ba a yi mako biyu ba tsaga ta fito daga kowane rami, rana guda na rufe ƙofa da ƙarfi ɓangare ɗaya ya ɓalle da kaifi kamar wuƙa. Aka ce mini ai ba wannan ake sawa ba, akwai wadda ake kira folikabonet, wasu na cewa Lexan, wadda ko guduma ba ta fasa ta. Gaskiya ne kuwa. Na gwada guntunta da guduma, sai dai ta lotsa. Nauyinta bai wuce rabin na gilashi ba, zarton lantarki na yanka ta kamar katako, kuma tana lanƙwasuwa ba sai an gasa ta ba. Na ga kamar Allah Ya kawo mini mafita. Na yanka babban falle na cusa a gaba, na sa a ƙofofi da baya. Na fesa wa motar fenti shuɗi mai duhu. Ranar da na fito da ita Ahmadu Bello Way, masu babur har biyo ni suke suna ɗauka a waya.

Wata biyu na ji daɗinta. Daga nan hunturu ya shigo.

Kowa ya san ƙurar hunturun Kaduna, yadda za ka goge mota da asuba kafin hantsi ta yi fari. Ni kuma na saba da tsumma, in kaɗa in goge. Kowace shafa ashe kankare robar nake yi. Waifa kuma ta zana nata, baka biyu manya daidai inda idon direba yake. Wani yaro a gidan mai ya ɗiga mata fetur a gefe, wurin ya yi fari ya tsattsage kamar ƙafar mai kaushi. Da rana ana gani, sai dai kamar ta cikin hazo. Na lura, na ce zan canza idan kuɗi sun shigo.

Wata Lahadi muka je suna Zariya, ni da maiɗakina da 'yarmu, lokacin tana da wata takwas. Ba mu taso ba sai bayan isha'i. Tun daga Jaji na san akwai matsala, domin duk motar da ta haska ni sai hasken ya fashe a jikin zanen nan, gaban motar ya zama fari fat, in daina ganin komai na daƙiƙa biyu ko uku. Na rage gudu, na ci gaba. Da muka iso Mararrabar Jos, inda tankoki da tireloli ke jere a bakin titi, wata babbar mota ta ɗago fitilarta. Ban ga komai ba sai haske. Muryar maiɗakina kawai na ji, "Innalillahi! Yaro!" Na take birki da duk ƙarfina. Motar ta ja taya ta tsaya.

Na fito jikina na rawa. Yaro ne da bai wuce shekara goma ba, mai tallan dafaffen ƙwai, yana tsaye ƙiƙam, bamba ta kusa taɓa gwiwarsa. Farantin ya kife, ƙwai na gangarawa ƙarƙashin motar. Bai yi kuka ba, bai gudu ba, idonsa kawai ya zuba mini. Yana sanye da wata rigar sanyi ta manya da aka naɗe wa hannu. Ita maiɗakina ta tagar gefe ta hango tahowarsa, ni da ke riƙe da sitiyari ban gan shi ba sam. Na biya kuɗin ƙwan, na ba mutanen da suka taru haƙuri, wani dattijo ya dafa ni ya ce in gode wa Allah in tafi. Daga nan har gida kaina a waje na tuƙa, sanyi na yanka mini fuska. Ba wanda ya ce uffan a motar. Da muka shiga gida ta kwantar da yarinyar, ta ce, "Don girman Allah kada ka sake ɗaukar mu a cikinta sai ka gyara." Daren nan ban runtsa ba. Da na rufe ido sai in ga rigar sanyin nan.

Wani bakanike ne ya kwatanta mini wani tsoho mai gilashin mota, wanda kowa ke ce wa Baba. Na je da motar da safe. Ya zagaye ta sau biyu, ya shafa robar da bayan hannunsa, ya dube ni.

"Samari, wa ya yi maka waldar nan?"

Na ce ni ne, Baba.

"Hannunka na da kyau. Amma ka fara daga inda ake ƙarewa. Ƙarfe yana jin magana, ka ce ya matsa ya matsa. Gilashi shi ake bi. Shi ake fara yankawa, sannan a gina masa gida."

Ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini karatun da ban taɓa samu ba. Gilashin mota iri biyu ne. Na ƙofofi da na baya gasasshe ne: ana yanka shi yadda ake so tukuna, a sa shi a wuta har zafin ya haura digiri 600, sannan a hura masa iska mai sanyi farat ɗaya. Bayansa ya daskare ya matse, cikinsa na ja. Wannan ne ke ba shi ƙarfi, kuma shi ne ke sa da zarar an keta fatarsa ya watse gaba ɗaya ya zama ƙananan tsakuwoyi marasa kaifi sosai, don kada ya yanka mutum a haɗari. Babu mahaluƙin da zai iya rage shi bayan an gasa. Na gaba kuwa falle biyu ne da aka manne da siririyar roba a tsakiya, wadda ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba. Idan ya fashe robar ta riƙe shi. Shi ana iya yanka shi, amma mai lanƙwasa irin na 504 sai da haƙuri, kuma ko gwani yana asara. Ya nuna mini tambarin da ke kusurwar kowane gilashi, inda ake rubuta irinsa. Shekara da shekaru ina ganin tambarin nan ban taɓa karanta shi ba.

Game da robar da na sa, bai kushe ta duka ba. Ya ce motar tsere ce ke sa ta, inda ake neman sauƙin nauyi kuma ana canza ta akai-akai. A gaban motar da za ta bi titi da dare, ga ƙura ga waifa, ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai sa wa mutum ba.

Muka sayo sabon gilashin gaba, domin ya ce tsoho ya sha rana da girgiza, ba ya jure yanka. Ya sa na zo bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗumama shi. Ya shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, ya cusa tsummoki a ƙarƙashin lanƙwasar don ko'ina ya samu wurin zama. Ya tsoma dayamon a kananzir ya ja layi ɗaya, ba tsayawa ba komawa, sautin kamar ana yage sabon yadi. Ya bi ƙarƙashin layin yana danna shi da babban yatsa, ina kallon tsagar na tafiya a hankali tana bin zanen. Muka juya shi, ya ja wani layin daidai kan na farko. A kusurwa ta biyu tsagar ta kauce ta nufi tsakiya. Baba ya ajiye dayamon ya ce, "Wannan ba rabonmu ba ne." Ko ɓacin rai ban gani a fuskarsa ba. Ni kuwa kuɗin aikin ƙofofi biyu ne suka tafi a gabana.

Sai da na yi wata guda kafin na haɗa kuɗin wani. Wannan karon bai cire inci ukun a tashi ɗaya ba, ya rabo shi, kuma ya bar kusurwoyi sai a ƙarshe. Da falle biyun suka tsage, ya zuba sifirit a cikin tsagar ya jira robar tsakiya ta yi laushi, ya ɗan buɗa, ya zura reza ya bi ta. Siririn yankin ya rabu ya faɗo hannuna. Kusurwoyin ya yi ta gutsura da filaya kaɗan-kaɗan, sannan ya ba ni dutsen wasawa da bokitin ruwa ya ce in goge bakin har sai ya daina kama yatsa, domin ƙaramar tsaga ɗaya da aka bari a baki ita ce za ta girma a kan hanya. Na yini ina gugar nan, hannuna ya yi fari da ruwa.

Da muka ɗora shi a motar bai zauna ba. Sama ya taɓa a tsakiya, kusurwar hagu ta bar rata da yatsana ke shiga. Na ce ko za a ƙara rage gilashin. Baba ya ce, "A'a. Yanzu aikinka ne. Ɗauko zartonka." Haka na yanke waldar da aka taru ana yaba mini, na ƙona fentin da na kashe wa kuɗi. Kwana tara ina ɗora gilashi, in sauke, in buga, in ɗiga walda, in sake ɗorawa, har ratar ta zama ɗaya ko'ina, babu inda gilashi ke taɓa ƙarfe. Wannan aikin ya fi sauke rufin wuya nesa ba kusa ba.

Ranar sawa, ya rage robar da ke zagaye gilashin ya manne bakinta, ya zura igiya a cikin kwarin robar ta zagayo, ya shafa ruwan sabulu. Yaransa biyu suka riƙe daga waje suna dannawa da tafin hannu, ni ina ciki ina jan igiyar. Leɓen robar ya riƙa hawa kan ƙarfen kaɗan-kaɗan, Baba na cewa, "Sannu, sannu, kada ka fizga." Da igiyar ta fita duka, ya buga gilashin da tafinsa sau ɗaya, na ji ya zauna. Na zauna a kujerar direba na duba waje. Har ƙudan da ke kan bangon da ke fuskantarmu ina gani.

Na baya ya sa na daidaita ramin ya zama miƙaƙƙe, muka yi samfuri da katakon silin, ya yanko mini daga shimfiɗaɗɗen gilashi mai falle biyu. Na ƙofofi dai har yanzu folikabonet ne, amma mai rufin kariya daga zane da rana, kuma ba a ɗaure da noti ba, a cikin layinsa yake hawa da sauka. Baba ya bar masa sarari, domin robar nan tana buɗewa da zafi fiye da gilashi: falle mai tsawon mita ɗaya na iya ƙara kusan milimita biyu tsakanin sanyin asuba da zafin rana a watan Afrilu. Ya hana ni sa masa busasshen tsumma, sai ruwa da sabulu. Ya kuma ce in tuna ba ya fasuwa, saboda haka in ƙofa ta maƙale a haɗari ba za a fasa shi a ciro mutum ba. Wannan maganar ta zauna mini. Samfurin ƙofofin na nan rataye a rumfata, ina tara kuɗin da zan aika a yanka mini na gaske a gasa.

Bayan an sake fenti na kai ta Tudun Wada. Inna ta daɗe tana son zuwa Zariya wurin ƙanwarta, na ce in kai ta, da rana za mu je mu dawo. Ta fito da mayafinta ta tsaya tana kallon motar, ta daɗe ba ta yi magana ba. Na buɗe mata ƙofa ta sunkuya ta shiga. Na zagaya, na cire hulata kamar yadda dole nake yi yanzu, na zauna. Ta ɗaga hannu ta taɓa silin, ta ce, "Da Malam na nan, da ba zai shiga da hularsa ba."

Na ce, "Haka ne, Inna. Ki yafe mini, ban gaya miki ba."

Ba ta amsa ba. Idonta ya kai kan sitikar addu'ar nan, da na kankare ɓarɓashin bayanta na manna a gefen sitiyari. Ta sa yatsa ta danne gefen da ya ɗago. Sannan ta gyara zama ta ce, "Karanta mu tafi, rana na yi."